Namu da Na Hukuma: Jawabi a Bikin Cikar Ƙungiyarmu Shekara Goma

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ina gaida Mai Unguwa, Allah ya ƙara girma. Ina gaida Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Ina gaida Hajiya Shugaba da Ma'aji da Sakatariya, da iyayenmu mata da suka kafa ƙungiyar nan tun 2015, da yayyena da ƙannena 'yan ƙungiya baki ɗaya. Ina kuma gaida mazajenmu da ke zaune can a rumfa ta baya. Mun gode da kuka bar mu muka fito, mun gode da kuka zo da kanku. Kada wanda ya tashi tukunna, akwai maganar da za ta biyo ta kanku nan gaba kaɗan.

Da Hajiya Shugaba ta ce ni zan yi jawabin bana, sai na ce mata, Hajiya, a cikinmu akwai malaman makaranta, akwai ma'aikaciyar jinya, me za ki yi da mai awon wake da man gyaɗa? Ta ce wadda ta san ciwon kwabo take nema. To ga ni. Takardar nan da ke hannuna ni na rubuta ta, dare huɗu ina yi, 'yata tana bi tana sa mini ƙugiya a inda na manta. In kun ji na yi tuntuɓe ku yi haƙuri, shekara bakwai da suka wuce ko sunana ban iya rubutawa ba.

An ce in yi magana a kan dogaro da kai. Kalmar nan ta yi araha yanzu. Duk babban da ya zo taron mata, da zarar an miƙa masa lasifika sai ya ce, mata ku tashi ku dogara da kanku, kamar ya same mu muna barci. Ni kuma abin da na gani a kasuwa shi ne, akwai aikin da yake namu, wanda in muka zauna jiran wani ya yi mana, mun cuci kanmu. Akwai kuma aikin hukuma, wanda in muka yafe mata shi da sunan dogaro da kai, nan ma mun cuci kanmu. Wahalar ita ce gane iyakar da ke tsakani, kuma ni da yatsana na fara gane ta.

Wannan babban yatsan na dama, kafin in shiga makarantar yaƙi da jahilci shi ne sa hannuna. Wata shekara ana gab da zaɓe, wani mutum ya zo kasuwarmu da jaka da takardu da ɗan kwalin tawada, ya ce za a bai wa mata 'yan kasuwa jari. Muka yi layi tun daga rumfar masu daddawa har bakin titi. Kowacce ta ba da hoto biyu da kuɗin fom, ta dangwala. Ni wuri uku na dangwala, ban san abin da ke rubuce a ko ɗaya ba. Muka yi ta jira. Aka yi zaɓe, aka rantsar, damina ta zo ta wuce. Sai bayan kusan shekara ɗan maƙwabciyata ya ce ya ga sunana a cikin jerin waɗanda suka karɓa. Wai na karɓa! Ga yatsana a gefe, shaida. Wallahi ba kuɗin ne suka dame ni ba, ai ban taɓa riƙe su ba balle in ji zafin rabuwa da su. Abin da ya ƙona mini rai shi ne da hannuna na ba da shaidar ƙarya a kaina. Makon nan na je na rubuta sunana a makaranta.

Makarantar kuwa ta gwamnati ce. Ina faɗar wannan da wuri, don kada wata ta koma gida ta ce yau wance ta wanke gwamnati tas. Hukumar yaƙi da jahilci ta jihar Kano an kafa ta ne a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kuma albarkacinta ni da wasu da ke zaune a nan muka san baƙi da fari. Allo da alli da malama, hukuma ce ta kawo. Amma hukuma ba ta zo da La'asar ta rufe mini rumfa ta ja ni aji ba. Ni na rufe. Na yi asarar cinikin yamma kwana uku a mako har shekara biyu, ina zaune a kan bencin 'yan firamare gwiwata tana dukan tebur, yara suna leƙe ta taga suna dariya. Da yawa muka fara, mu tara muka gama. Waɗanda suka bari ba hukuma ce ta kore su ba.

Ranar da na fara cin moriyar karatun ba zan manta da ita ba. Mai karɓar kuɗin rumfa ya yago rasit kamar kullum, ya ce ɗari biyar. Na riƙe takardar, na haɗa baƙaƙen a hankali, na ga ɗari biyu. Na ce, ɗana, ni fa ɗari biyu na gani a nan. Ya dube ni ya ce, Hajiya, yaushe kika fara karatu? Na ce jiya. Ya karɓi ɗari biyunsa ya yi gaba, kuma tun daga ranar duk layinmu abin da ke kan takarda muke biya. Ni ban ƙi biyan kuɗin rumfa ba. Da shi ya kamata a kwashe shara, a biya mai gadi, a yashe kwata. Iyayenmu sun ba mu labarin zamanin haraji da jangali, yadda magidanci kan bar garinsu ya shiga duniya saboda ya kasa biya, da irin murnar da aka yi da aka soke su a Kano da Kaduna a 1979. Waɗancan mutanen ba ƙin hukuma suke yi ba. Karɓa ce ta yi yawa, abin da ke dawowa kuma ba a ganin sa.

Yanzu bari in juyo kanmu, don ba zan tsaya a nan in yi ta nuna wasu da yatsa ba. Ina yarinya, zamanin shirin Better Life na Maryam Babangida da aka fara a 1987, an kawo wa matan ƙauyenmu injin niƙa. An yi taro, an yi guɗa, an ɗauki hoto. Injin ya yi aiki har ranar da belinsa ya tsinke. Bel fa! Abin da in mata goma suka haɗa kuɗin goronsu na mako za su saya. Amma injin na wa? Na gwamnati. Sai aka zauna jiran gwamnati ta zo ta sa bel. Mulki ya canza, aka zo da wani shirin da wani sunan, shi ma ya wuce, injin nan yana nan kaji sun mai da shi wurin saka ƙwai. A ƙarshen layin kuma akwai wata tsohuwa, goggon babanmu, da ta sayar da tumakinta ta sayi nata ɗan ƙaramin injin. Ita ko ƙara ta ji ya canza sai ta aika a kira makaniki. Har ta rasu injinta yana niƙa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ba sai mun je da nisa ba ma. A 2018 da aka zo da TraderMoni, naira dubu goma ga ƙananan 'yan kasuwa, an faɗa mana rance ne, wanda ya biya za a ƙara masa. Mu nawa muka ɗauke shi rance? Ni da kunnena na ji ana cewa rabonmu ne na arzikin ƙasa, wa zai biya. Wata ta yi anko, wata ta yi gudummawar biki. To wannan halin shi nake tsoro ya shigo mana ƙungiya, kuma ya fara leƙowa. Ma'aji tana nan, ba zan kama suna ba, amma akwai rancen da ya shekara biyu bai dawo ba, mai shi kuma tana zuwa taro da sabuwar atamfa. Yaya, kuɗin ƙungiya ba na gwamnati ba ne. Ko na gwamnatin ma ai namu ne. Wannan kuwa zubin bazawarar da ke soya awara ne, ta hana kanta ta kawo.

Ga yadda ni nake kallon gwamnati, da ɗan hankalina na kasuwa. Kun san uwar adashi, mai zagayawa kullum tana karɓar zubi. Mun yarda da ita, mun ba ta kuɗinmu, a ƙarshen wata ta ɗauki zubin kwana ɗaya ladan wahalarta, ta ba kowa nasa. Muna girmama ta, don in babu ita kuɗin ba za su taru ba. Amma ba kyauta take ba mu ba ranar kwasa, ba kuma za mu durƙusa mu yi mata godiya kamar ta ciro daga ɗaurin zanenta ba. In ta ce littafi ya ɓace, sai mu ce a nemo. In kuma wata rana ta shigo ɗakinki ta buɗe adaka ta ce ita ta fi ki sanin inda ya kamata ki ajiye kuɗinki, to ta wuce gona da iri, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ta shigo.

Kun san abin da nake nufi, don duk mun sha shi tare. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fito tsakiyar Disamba, aka ce daga 31 ga Janairu 2023 tsofaffin sun daina aiki, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. An ba da dalilai: kuɗi sun yi yawa a wajen banki, akwai jabu, ga masu garkuwa da mutane da ke karɓar kuɗin fansa buhu-buhu, ga masu sayen ƙuri'a. Babu ɗaya a cikin dalilan nan da zan ce ba matsala ba ce. Mu masu biyayya muka kwance ƙullinmu, tsofaffi suka fasa asusu, aka kai banki. Kuɗi suka shiga, suka ƙi fitowa.

Allah kada ya maimaita mana. Mace ta bar rumfarta ta je ta yi layi tun Asuba, a ba ta abin da bai kai kuɗin buhu ɗaya ba, ko a ce yau babu. Aka koma sayen naira da naira, mai POS ya ba ki dubu biyar ya cire dubu ɗaya, ki yi masa godiya a kai. Mai saye ya tsaya a gabanki ya ce ya tura, ki yi ta kallon waya, sabis ya ɗauke, ba ki san ko ki ba shi kayan ko ki riƙe ba. Manomin da ya kawo wake daga ƙauye ba shi da asusun banki, tsaba yake so, sai mai tsabar kuɗi ya saye masa kaya a wulaƙance. 'Yan'uwanmu masu tumatir da alayyafo kuwa, kayansu ba sa jiran sabis ya dawo, a bola suka ƙare. Mutum da kuɗinsa, guminsa, halalinsa, yana kwana da yunwa.

A nan ne na san darajar ƙungiyar nan. Kun tuna ana yi mana dariya wai zubinmu duk 'yan ɗari-ɗari ne da hamsin-hamsin, masu warin daddawa? To su canjin bai taɓa ba. Zubin makonnin nan yana hannun Ma'aji, shi muka riƙa juyawa, kowacce a ba ta ɗan abin canji da kuɗin mota. Sannan Sakatariya ta buɗe sabon littafi. Mai shinkafa ta ba mai man gyaɗa kwano biyu, a rubuta. Mai man gyaɗa ta ba mai itace kwalba ɗaya, a rubuta. Mai sabulu, mai garin kwaki, mai ƙuli-ƙuli, duk a rubuta. Mun yi makonni muna ci daga rumfunan juna ba tare da kwabo ya gilma ba, da abin ya lafa aka zauna aka yi lissafi, mai cikawa ta cika. Akwai daren da yaron wata ƙanwarmu ya kama zazzaɓi mai zafi, mai kantin magani ya ce sai tsaba. Ƙarfe ɗaya na dare mijin Ma'aji ya buɗe ƙofa, aka ƙirgo 'yan ɗari-ɗarin nan. Ga yaron can yana rabon ruwa. Littafin nan ya kamata a adana shi, jikokinmu su gani. Kuma ku lura, da babu masu iya rubutu a cikinmu, da ba a yi shi ba.

Amma kada daɗin labarin ya sa mu manta da ɗaya gefen. Don mun iya tsira, ba shi ya sa abin ya zama daidai ba. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wasu jihohin suka bi, ranar 3 ga Maris 2023 kotun ta ce ba a ba jama'a isasshen lokaci ba, tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Ashe iyakar nan da nake magana a kai ba ni na ƙirƙire ta a rumfata ba. Tana nan a dokar ƙasa, akwai kuma alƙalan da aikinsu ke nan, su ce wa mai mulki nan ne gejinka. Ni da na ji hukuncin a rediyo sai na ce, yo ashe ita ma uwar adashin akwai mai ce mata fito da littafi.

Sai maganar farashi, wadda kullum ake jefo mana mu 'yan kasuwa. Duk lokacin da kaya suka tashi sai a ce gwamnati ta ƙayyade farashi, ta kama 'yan kasuwa. Malam Liman yana nan, in na yi kuskure ya gyara mini. A Islamiyya an karantar da mu cewa kaya sun taɓa tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yanke farashi, bai yi ba, saboda gudun kada a zalunci wani a dukiyarsa. Amma shi ne kuma ya hana ɓoye abinci don a jira tsada. Shi ne ya shiga kasuwa ya cusa hannunsa cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi. Tauye mudu kuwa sura guda aka saukar da sunan masu yin sa. To ni a nan na ga aikin hukuma a kasuwa. Ba ita za ta ce mini in sayar da kwanon wake ƙasa da yadda na saro shi a Dawanau ba, don in ta yi haka gobe ba za a ga wake a faranti ba, sai a bayan rumfa da ninkin kuɗi. Amma ta zo ta duba kwanon nawa. Ta duba ko an bubbuge gindinsa ya shige ciki. Ta duba man gyaɗa ko an yi masa algus. A kan wannan ko kullum ta zo ina maraba, kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai kwanuka a layinmu da ba za su so ranar ba.

A farkon 2024, da abinci ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, hukuma ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye kaya, masu su kuma suka ce ba ɓoyo ba ne. In an kama mai ɓoyo da hujja, a hukunta shi, aikinsu ne. Amma kwaɗo ba ya sauko da farashi in hatsin ne bai zo ba. Manomi a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga, wani sai ya biya su kafin ya girbe abin da ya shuka. Iyakarmu da Nijar a rufe take tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, waken da dabbobin da ke shigowa ta Jibiya da Maigatari suka ragu. Ga kuma mai. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin man fetur ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta haura 1,000. Duk buhun da na ɗauko, kuɗin motarsa yana cikin kwanon da nake auna muku.

Masu ilimi suna ta gardama a kan cire tallafin nan. Sun ce kuɗin yana zurarewa aljihun 'yan kaɗan, man kuma yana tsallake iyaka. Na ji, ban musa ba. Amma an ce mana abin da aka tsimi za mu gan shi a asibiti da makaranta da hanya, kuma kuɗin da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi duk wata ya ƙaru. To haƙƙinmu ne mu tambaya. Ba sai mun je Abuja ba. Kansilanmu a unguwar nan yake kwana, ofishin ciyaman kuɗin a-daidaita-sahu ɗaya ne. Sai a 1979 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓe, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan neman wannan 'yancin. Ba don mu karɓi taliya da sabulu a bakin rumfar zaɓe suka sha ba.

Domin akwai abin da adashi ba ya yi, komai ƙoƙarinmu. Adashi ba ya korar ɗan bindiga daga hanyar ƙauye. Ba ya sayen motar kashe gobara. Ƙungiyarmu tana da shekara ɗaya da kafuwa aka yi gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, dubban shaguna suka ƙone a dare ɗaya. Mutanen nan akwai wanda ya fi su dogaro da kai? Sun kwana da jari, sun tashi da toka. Kwatar da ke bayan layinmu kuwa, mun yi aikin gayya mun yashe ta sau nawa? Duk damina sai ta dawo, don daga can sama take toshewa, kuma gyaran can sai katafila. In babba ya zo ya ce mu dogara da kanmu, sai mu ce mun ji, ranka ya daɗe, mun riga mun fara tun kafin ka iso, ga littafinmu. Ina naka?

To iyayen gida, ga taku ta zo. Na kawo misalin ku ne don kowa a nan ya san hukuncinsa. Don mace tana sana'a, ba shi ya sauke wa maigida nauyin ci da sha da sutura da wurin kwana ba. In ta taimaka, alheri ta yi, Allah ya ba ta lada. Kuma don shi ke yin cefane, ba shi ya ba shi ikon fasa asusunta ba, dukiyarta tata ce. Malam Liman, ko ba haka ba? Na ga wasu a baya suna duba agogo. Yawancinku kuna ƙoƙari, mun sani, zamanin ne ya yi nauyi. Amma wanda ya ga matarsa ta kwashi adashi ya daina kawo kuɗin cefane, shi da hukumar da ta ga muna yashe kwata da kanmu ta daina turo motar shara, sammakal.

Yanzu ga abin da ya sa na yarda na tsaya a gabanku. Duk kun ji cewa an aiko wa ƙungiyar nan da tayi. Wani mai neman kujera ya turo wakilinsa, za a ba mu kekunan ɗinki da injin markaɗe da kuɗi a ambulan. Sharaɗin shi ne mu ba da sunayen 'yan ƙungiya da lambobin katin zaɓensu, a sa hotonsa a allon ofishinmu, a kuma ba wata daga ɓangarensa kujera a cikin shugabanninmu. Ranar Asabar mai zuwa za mu yanke shawara. Ni ra'ayina kada mu karɓa a kan wannan sharaɗin. A cikinmu akwai 'yan kowace jam'iyya, akwai wadda ba ruwanta da ko ɗaya, shekara goma muna zubi a kwano ɗaya ba wanda ya tambayi wata wa ta zaɓa. Ranar da hoton mutum ya hau allon nan, rabinmu sun zama baƙi a ɗakinsu. In ya faɗi zaɓe mun faɗi tare da shi, in ya ci kuma bakinmu ya mutu, don wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da wane baki za mu je mu tambaye shi maganar kwata? Katin zaɓe kuwa, ni da na taɓa dangwala yatsa a takardar da ban karanta ba, ba zan miƙa lambata ga wanda bai gaya mini abin da zai yi da ita ba.

Na san abin da wasu ke faɗa a zuci, kuma suna da gaskiya. Za su ce, ke da kike da rumfa da jari, ƙin karɓa bai yi miki wuya ba. Ni marayu huɗu gare ni, keken nan shi ne abincinsu. Ƙanwata, ban raina wannan ba, kuma ba zan ce miki ki ci mutunci ki ƙoshi ba. In muka ce a'a muka watse muka bar ki haka, mun zalunce ki. Shi ya sa nake kawo shawara biyu tare da ta farkon. Mu masu ɗan ƙarfi mu ƙara naira ɗari a kan zubin mako, a ware shi daban, duk wata uku a sayi keke ko injin a ba wadda ta fi buƙata, ta riƙa biya a hankali ba tare da ƙarin ko kwabo ba, in ta gama ya zama nata, kuɗin kuma ya sayi na wata. Ni na fara, nawa na wata uku yana hannun Ma'aji tun jiya. In masu tsohon bashi suka dawo da abin da ke kansu, ba ma sai mun jira wata uku ba za a sayi na farko. Sannan mu mai da wa mai tayin amsa cikin ladabi, a rubuce: in don Allah zai ba mata kekuna, ya kawo ba sharaɗi, za mu yi masa addu'a. In kuma ya hau kujerar, ga takardar kwatarmu da fitilun kasuwa, za mu kai masa kamar yadda za mu kai wa duk wanda ya hau.

Haka in rancen gwamnati ya zo ta hanyar banki, ban ce a guje shi ba. A kawo takardar nan tsakar taro, Sakatariya ta karanta da ƙarfi, a fassara, mu ji nawa za a biya, yaushe, akwai ruwa ko babu, sannan kowacce ta yanke wa kanta. Wadda ta karɓa ta biya.

Ajin yamma na makarantarmu zai buɗe sabon zango bayan Sallah, Litinin da Talata da Laraba, daga La'asar zuwa kusan Magariba. Na ƙirga, akwai mata goma sha ɗaya a ƙungiyar nan da har yanzu dangwalawa suke yi a littafin zubi. Duk wadda za ta shiga, 'yata za ta zauna mata a rumfa ranar Laraba, sauran kwana biyun kuma mu nemi masu karɓa tun yau kafin a watse. Ranar Asabar ƙarfe huɗu ne taron, kowacce ta zo da katin zubinta.

Allah ya jiƙan waɗanda muka fara da su ba su kawo yau ba. Allah ya sa albarka a kasuwarmu, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.